An mayar da ni aikin dare, ga farfaɗiya: in faɗa wa oga ko in yi shiru?

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a sakaya sunana. Ina da farfaɗiya tun ina sakandare, ina shan maganinta, Tegretol, safe da dare, kuma an daɗe ba ta kada ni ba. Na samu aiki a wani kamfanin roba a Kano, ban faɗa musu ba lokacin ɗauka. Yanzu an mayar da ni aikin dare, gaban injin niƙa roba. Gidanmu gidan yawa ne, barcin rana ba ya samuwa. Shekaranjiya na ji warin nan da jirin da ke zuwar min kafin ta tashi. In na faɗa ina tsoron kora, kuma ni ke riƙe da mahaifiyata da ƙannena. Ku ba ni shawara.

Wata nas: Ƙanena, warin da ka ji shi ma ɗan ƙaramin tashin ciwon ne, ya taɓa wani sashe na ƙwaƙwalwa bai bazu ba. Rashin barci da tsallake magani su ne kan gaba wajen tayar da ita. Kada ka jira ranar da aka ba ka, koma wurin likitanka cikin satin nan, ya rubuta takarda cewa aikin dare da tsayuwa gaban inji ba su dace da kai ba. Kada kuma ka ƙara wa kanka ƙwaya, Tegretol in ya yi yawa yana kawo jiri da gani bibbiyu.

Wani tsohon ma'aikacin kamfani: Ni dai a ganina kar ka ambaci sunan ciwon. Ka ce hawan jini ne. Mutanenmu har yau wasu ba sa shan ruwa a kofi ɗaya da mai farfaɗiya, wai kumfar bakinsa na yaɗa ta.

Nas ɗin: Baba, ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa, ko kusa. In ya ce hawan jini, ranar da ya faɗi kusa da bel ɗin inji wa zai san abin yi?

Wani ɗalibin lauya: Akwai dokar hana nuna wariya ga masu nakasa ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Kamfanin da aka samu da laifi tararsa naira miliyan 1. Gaskiya aiki da dokar na tafiyar hawainiya, amma ka miƙa buƙatarka a rubuce, haɗe da takardar likita, ka riƙe kwafi. Canjin wuri za ka nema, ko sito ko wajen ɗaure kaya.

Wata mai ciwon: Ɗan'uwa, ni tela ce, jirgi ɗaya ya kwaso mu. Ka zaɓi mutum ɗaya a wurin aikin ka koya masa: ya kashe inji, ya janye ƙarafa, ya sa maka abu mai laushi a ƙarƙashin kai, in jijjigar ta lafa ya juya ka gefe. Ba cusa cokali a baki, ba danne ka, ba watsa ruwa. In ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa ba ka farfaɗo ba, asibiti kai tsaye. Masu ce maka aljanu ne, ka yi addu'arka, amma maganinka kada ya yanke ko na kwana ɗaya.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Gobe da sassafe zan je asibiti, daren yau kuma na roƙi wani ya riƙe min. Takardar fa, ga shugaban sashenmu zan kai ko ofishin ma'aikata?

Ɗalibin lauya: Ofishin ma'aikata, su buga maka hatimi a kwafinka. Daga baya ka sanar da shugaban sashen da bakinka.