Neman kalma: me za mu kira attitude verbs da Hausa?

Malama Hauwa: Assalamu alaikum. Jibi zan koyar da darasi a kan yadda al'ada ke shiga rubutun Ingilishi na ɗaliban ƙasar Sin, kuma na maƙale a attitude verbs, wato irin su think, believe, feel, suppose. Ɗalibin Sin kan cika rubutunsa da I think, domin a harshensu wo renwei da wo juede, wato kamar a ce "ina ganin" da "ina jin", kullum suna bakin mutane. Don Allah a taimaka kafin gobe da dare.

Sani Zariya: Wa alaikumus salam. Aikatau na zato.

Malama Hauwa: Zato ba zai yi ba, Malam Sani. Wo renwei magana ce ta wanda ya tsaya a kan bakansa. Binciken Hyland da Milton na 1997 ya kwatanta rubutun ɗaliban Hong Kong da na takwarorinsu na Birtaniya, ya gano na Hong Kong sun fi yanke magana kai tsaye, kalmomin sassautawa kuma 'yan kaɗan suke ta juyawa. Baturen da ke duba takardar yana jin I think a matsayin ja da baya, yaron kuwa ƙarfafa maganarsa yake yi. In na ce zato, na rushe darasin.

Sani Zariya: To, aikatau na ra'ayi.

Alaramma Gwani: Malaman nahawun Larabci sun gama wannan aikin tuntuni. Af'alul ƙulub, zanna da 'yan'uwanta, duk wanda ya zauna a zaure ya san su. A ce fi'ilan zuciya, sun haɗa yaƙini da zato duka.

Ɗan Katsina: Allah gafarta malam, fi'ili kuma? Muna da aikatau a kowane littafin nahawun Hausa. Sai yaushe za mu daina zuwa aro alhali rumbunmu cike yake?

Alaramma Gwani: Ra'ayin da kuke so daga ina ya zo? Nahawu fa? Darasi fa? Ku 'yan boko in kalma ta fito daga zaure sai ku ce ba Hausa ba ce.

Ɗan Katsina: Ban raina zaure ba, amma ɗan aji ɗaya aikatau ya sani.

Isufu Damagaram: Mu nan verbes d'opinion aka koya mana a lakwal, ra'ayi ya fi zauna mini. Amma hope da fear fa? Fata da tsoro ba ra'ayi ba ne. Nan Alaramma ya fi ku gaskiya.

Malama Hauwa: Na gode. Zan rubuta aikatau na ra'ayi a allo, in faɗa da baki cewa masu nahawun Larabci na ce musu fi'ilan zuciya. Hope da fear ba sa cikin darasin jibi.

Alaramma Gwani: Ba a warware ba, an ɗage ne. Ni dai ban sa hannu ba.