Neman kalmar Hausa: me za a kira ɗan bayan hoki na kan ƙanƙara?

Mai Shirin Wasanni: Salamu alaikum. Don Allah masana a agaza, lokaci ya ƙure mini. Ƙarfe takwas na daren yau zan shiga shiri, kuma akwai sashen da muke kawo tarihin 'yan wasan ƙasashen da ba a cika jin ɗuriyarsu ba. Wannan makon Istoniya ce, wata 'yar ƙasa a arewacin Turai da mutanenta ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. Ɗan wasan shi ne Lauri Lahesalu, haifaffen Talin, babban birnin ƙasar, a 1979. Hoki na kan ƙanƙara ya yi. Ya buga a Finlan, ya daɗe a Faransa a ƙungiyoyin Anje da Ruwan, ya kuma riƙe kyaftin ɗin ƙasarsa. Matsayinsa a fili Turawa na cewa "defenceman". Me zan kira shi da Hausa? Edita na jiran rubutun kafin la'asar.

Ɗan Gidan Kallo: Wa alaikumus salam. Mai tsaron baya. An gama, sai wata tambayar.

Baban Yara: Ko ki ce difenda kawai, Hajiya. Duk wanda ya taɓa biyan kuɗi ya zauna kan benci a gidan kallo ya san difenda.

Malamin Hausa: A'uzubillahi. Difenda! A gidan rediyon Hausa? Sai kuma mu zo aji muna cire wa yara maki don sun rubuta "tica". Baiwar Allah, ga shawarata: ɗan ganuwa. Ganuwa ita ke tsare gari, maharin da ya zo ita zai fara cin karo da ita kafin ya kai ga ƙofar fada. Mai tsaron raga shi ne fadar, waɗannan su ne ganuwar. Kalmar gajeriya ce, tana da daɗin faɗa, jam'inta kuma ba wuya: 'yan ganuwa. Na daɗe ina ba da wannan shawara a ƙwallon ƙafa ma, ba a dai saurara ba.

Mai Shirin Wasanni: Allah ya gafarta Malam, tana da daɗi kam. Tsorona kada mai sauraro ya ɗauka wata unguwa nake nufi.

Ɗan Gidan Kallo: Ni da na ji "ɗan ganuwa" wallahi sai na zaci yaran da ke zama bakin badala da yamma ake faɗa.

Ɗan Zango a Toronto: Salam ga kowa. Ni a nan nake zaune inda wasan nan ya zama kamar addini, to bari in faɗa muku aikin mutumin tukuna, sai ku raɗa masa suna. Kowace ƙungiya mutum shida take sawa a fili: mai tsaron raga ɗaya, na baya biyu, na gaba uku. Babu 'yan tsakiya irin na ƙwallon ƙafa. Wasan zango uku ne, kowane minti 20, kuma ba a daɗewa a ciki, ɗan wasa kan yi kamar minti ɗaya ko ƙasa da haka ya fita wani ya faɗo, wasa na ci gaba ba a tsaya ba. Abin da ya fi burge ni da na bayan nan, da baya suke gudu. Maharin na tahowa a guje kan takalmin nan mai wuƙa a ƙasa, shi kuma yana sulalewa da baya-da-baya, idonsa na kan ƙirjin maharin, sandarsa a miƙe da hannu ɗaya, yana rage tazarar da ke tsakaninsu har ya matse shi jikin katakon da ya kewaye filin. In aka ɗaga sanda za a narka, shi ne zai durƙusa ko ya zube a gaban abin da ake bugawa ya tare da jikinsa. Amma in ƙungiyarsa ce ke kai hari, ba a gida yake zama ba. Yana biyo su har shuɗin layin da ke bakin yankin abokan karawa, ya tsaya nan ya hana abin fita, in ya samu sarari ya narka daga nesa. Akwai wani Bobby Orr na ƙungiyar Boston, ɗan baya ne, amma sau biyu, 1970 da 1975, yana fin kowa maki a gasar NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, baki ɗaya. To Malam, da girmamawa, ganuwa ba ta tashi ta bi mutane yaƙi.

Malamin Hausa: Ɗana, in ka bi ta nan ai "mai tsaron baya" ma ta faɗi, tunda ka ce yana zuwa gaba.

Ɗan Zango a Toronto: Haka ne, Malam. Shi ya sa ni "ɗan baya" ta fi kwanta mini. Wurin tsayuwarsa take faɗa, ba ta ɗaure shi da tsaro kaɗai ba.

Baban Yara: Ɗan baya kuma? Kar a zaci ɗan da aka haifa daga baya.

Mai Fassara: Sai a ce ɗan wasan baya, kamar yadda 'yan jarida ke cewa a ƙwallon ƙafa: ɗan wasan gaba, ɗan wasan tsakiya, ɗan wasan baya. Kunnen mai sauraro ya riga ya saba da jerin. Ƙanwata, wani abu kuma da zai sa hankalinki ya kwanta: su kansu mutanen Istoniya ba su ƙirƙiro wata kalma ta daban don hoki ba. "Kaitsja" suke cewa, wato mai karewa, kuma ita ce dai ta ɗan bayan ƙwallon ƙafa, ita ce ta lauyan da ke kare wanda ake tuhuma a kotu. Faransawan da Lahesalu ya buga wa wasa a Anje da Ruwan ma kalma ɗaya suke amfani da ita a wasannin biyu. In masu ƙanƙarar ba su raba ba, mu da ke sayen ta a leda me zai sa mu raba?

Ɗan Damagaram: Mu a nan "defansar" za ka ji a bakin matasa, daga Faransanci. Ba na cewa a ɗauka, ina dai tuna muku cewa rediyo ba ya tsayawa a Maigatari. In kun ce difenda kun bar mu a baya, in mun ce defansar mun bar ku. Ɗan wasan baya kowa zai gane. Ganuwa kuwa, Malam, wannan ai son kai ne irin na Kanawa.

Malamin Hausa: Wa ya ce maka ganuwa ta Kano ce kaɗai? Ba ka ji ganuwar Amina a Zazzau ba? Katsina fa? Ku kanku me ya kewaye Birni a Zinder? Kuma ni ba Bakano ba ne, kar ka liƙa mini.

Ɗan Damagaram: To ai kullum Hausar Kano ake ɗora mana a ce ita ce daidaitacciya.

Basakkwace: Ku bari dai. Hausar asali tana wajenmu, mu ne dai ba mu cika surutu ba.

Mai Shirin Wasanni: Jama'a, azahar ta wuce.

Malamin Hausa: Bari in ƙarasa, baiwar Allah, don maganar ta fi ƙarfin shirin yau. Wannan ƙasar da za ki ba da labarinta, masu jin harshenta kimanin miliyan ɗaya ne. Sun zauna ƙarƙashin Tarayyar Sobiyat har 1991, Rashanci na danne su, amma ba su saki harshensu ba. Jami'arsu ta Tartu, wadda aka kafa tun 1632, ta koma koyarwa da harshensu a 1919. Da shi suke karatun likita da shari'a. Mu muna da miliyoyi masu yawa, daga Agadas har Kumasi har Sudan, amma kalma ɗaya ta wasa sai mun je mun yi bara wajen Bature. Abin kunya ne. In ba ku son ganuwa, ga "makari", daga kare, a tsarin maƙeri da marubuci. Ba wanda zai ce ba Hausa ba ce.

Mai Fassara: Allah ya gafarta Malam, makari ai tana da mai ita. Makarin dafi, makarin sammu. In ta ce "makarin Istoniya" sai a ɗauka tallar maganin gargajiya aka fara. Sannan mutanen da kake yabo, sunan wasan a bakinsu "jäähoki" ne. Rabin farko ƙanƙara ke nan da harshensu, rabin ƙarshe kuwa hokin Bature ne suka ara ba kunya. Maƙwabtansu na Finlan ne suka ƙi aro, suka ce "jääkiekko", wato faifan ƙanƙara.

Malamin Hausa: To ni ina bayan Finlan.

Ɗan Gidan Kallo: Hajiya da kin ɗauko Leo Komarov da kin huta. Shi ma a Istoniya aka haife shi, a garin Narva, ɗan gaba ne, ba wanda zai yi gardama a kan ɗan gaba.

Ɗan Zango a Toronto: Komarov ya buga mana a ƙungiyar Maple Leafs ta nan Toronto, amma Finlan ya wakilta, can ya tashi. Bai dace da sashen nata ba. Labarin Lahesalu ya fi nuna halin ƙasar: gasar cikin gida ƙarama ce, duk mai son ya ci abinci da wasan sai ya tsallaka teku, Helsinki kuwa kilomita 80 ce kacal daga Talin. Daga can wasu su wuce gaba, lokacin gasar duniya su dawo su sa rigar ƙasa a rukunan ƙasa, ba rukunin su Kanada da Suwidin ba.

Mai Shirin Wasanni: Na gode, Yaya, wannan zai shiga rubutun. Tunda kun taɓo sunan wasan, shi ma ku warware mini. Hoki zan ce?

Malamin Hausa: Ƙwallon gora. Wannan kam tana nan tun muna firamare, ba ni na ƙirƙira ba. Sai ki ce ƙwallon gorar ƙanƙara.

Baban Yara: Gorar ƙanƙara? Malam, a zafin nan in aka ji haka a rediyo sai yara su fito da kuɗi a hannu.

Mai Fassara: Ƙwallon gora na kan ƙanƙara. Ya ɗan yi tsawo, amma sau ɗaya za ki faɗa cikakke, daga nan ki riƙa cewa "wasan".

Ɗan Zango a Toronto: Sai dai fa abin da suke bugawa ba ƙwallo ba ne. Baƙar roba ce mai tauri, shafaffiya sama da ƙasa, faɗinta inci 3, kaurinta inci 1, nauyinta bai wuce giram 170 ba. Har daskarar da ita ake yi kafin wasa don kada ta riƙa tsalle. Shi ya sa tun ɗazu nake ta cewa "abin".

Basakkwace: Wa ya ce ƙwallo dole sai mulmulalle? Ƙwallon mangwaro mulmulalle ne? Ku bar mata ƙwallonta.

Malamin Hausa: A nan kam Basakkwace ya yi gaskiya.

Ɗan Damagaram: Yau Malam ya yarda da wani. A rubuta ranar.

Mai Fassara: Ni faifai ya fi mini, amma a bar shi zuwa wani lokaci.

Mai Shirin Wasanni: To ga abin da na miƙa wa edita: "Lauri Lahesalu, tsohon ɗan wasan baya kuma kyaftin ɗin Istoniya a ƙwallon gora na kan ƙanƙara." A wuri ɗaya na sa "mai tsaron baya" don kada maimaici ya yi yawa. Abin bugawar na kauce masa gaba ɗaya, ban ambace shi ba. Ruwan kuma na rubuta "birnin Ruwan na Faransa", don edita ya tambaye ni ruwan me. Malam, a yi haƙuri, ganuwa ba ta samu shiga ba.

Malamin Hausa: Ba komai. Tunda ba a ce difenda ba, na rage asara. Ƙwallon gora ma ai tawa ce aka ɗauka. A ajina dai ɗan ganuwa zan ci gaba da koyarwa, wanda ya rubuta wani abu daban ya san makinsa.

Ɗan Zango a Toronto: Hajiya, in mako mai zuwa za ki sake taɓo wasan, ki zo da wuri. Akwai ɗan kejin da ake zaunar da mai laifi minti 2, shi ma ba shi da suna.

Baban Yara: Gidan kaso.

Malamin Hausa: Ba a yi shari'a ba tukuna za ka ce kaso? Ku jira in duba.