Tsofaffin katunan Sallah sun cika akwati, ya zan yi da su?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Muna kwashe kayan ɗakin marigayi babanmu, Allah ya jiƙansa, sai muka ci karo da wata akwatin ƙarfe maƙil da katunan barka da Sallah da na Kirsimeti da sabuwar shekara, tun zamanin yana aikin reluwe a Zariya, abokan aikinsa na Kudu suna aiko masa shi ma yana aika musu. Har da irin mai kiɗan nan in ka buɗe. Gara ta fara cin na ƙasa. Yayanmu ya ce a watsa bola kawai a huta, ni kuma wallahi hannuna ya ƙi, ga shi wasu akwai Bismillah da ayoyi a jiki. Ajiyewa kuma ba wuri. Me za a iya yi da su?

Malam Habu: Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta wa Baba. 'Yar'uwa kafin komai ki zauna ki ware su. Duk mai aya ko sunan Allah ko na Annabi kar ya je bola, kar kuma ki ba mai ƙosai ko mai tsire ya naɗe kaya da shi. Ko dai a binne a wuri mai tsarki da ba a takawa, ko a ƙona a binne tokar. Malamai suna kafa hujja da abin da Sayyidina Usmanu ya yi, bayan an haɗa Mus'hafi ya sa aka ƙona sauran takardun, yana nan cikin Bukhari. Ki duba na Kirsimetin ma, za ki ga wasu da sunan Annabi Isa da Nana Maryamu, su ma da girmansu.

Anti Talatu: Malam ya yi gaskiya, mu ma masu ayar Littafi Mai Tsarki ba ma zubar da su haka nan. Ni koyarwa nake a nazare, kuma katin nan kwali ne mai kyau da yanzu in za ki saya sai kin ji a jikinki. Yanke fuskar nake, bayanta fari ne fes, sai in rubuta baƙaƙe da lambobi da maka babba yara suna ɗagawa suna karantawa, ya fi takarda ƙarko nesa ba kusa ba don hannun yara kin san shi. Malaman Islamiyya ma alif ba ta za su yi da shi. Masu furanni kuma ki yanka dogo dogo ki huda sama ki zura zare, ya zama alamar shafi.

Ummi mai humra: Ni in kina Kano ma zuwa zan yi in karɓa hhh. Yankawa nake ƙanana in rubuta sunan turare da kuɗinsa in rataya a wuyan kwalba. Kakata kuma zaren ɗinkin hula take naɗewa a jiki kowace kala da nata. Sannan in Sallah ta zo ki ninke masu kyan ki manna gefe da gam ki sa wa yara goron Sallah a ciki.

Ɗanjuma: Hajiya kar ki sa rai 'yan jari bola za su ba ki wani abin kirki, su ƙarfe da alminiyam da roba suke so, takarda a kilo ake aunawa kuma akwati ɗaya ba ta kai ko'ina ba. Masu sayen kwali jiƙa shi ake ya dame a yi kiret ɗin ƙwai ko wani kwalin, to shi ya sa mai ƙyalƙyali da mai ruwan zinare da wanda aka lulluɓe da leda ba ya shiga, leda ba ta narkewa a ruwa, ɓata musu kwaɓin take. Gwaji mai sauƙi, yaga gefe, in ya yage sumul takarda ce, in kin ga wata 'yar fata tana jan jiki leda ce. Masu ledar nan in za ki ƙona ki yi a fili, hayaƙinsu ba kyau.

Nas Bilki: Dan girman Allah masu kiɗan nan ki fara da su. Akwai ɗan batir kamar maɓalli a ciki, in yaro ya haɗiye ya maƙale a maƙoshi yana iya ƙona wurin cikin 'yan awoyi, ko da kin ga kamar batirin ya mutu. Ki ciro ki ɓoye tun kafin su Hanifa su fara wasa da su.

Alhaji Baba Kaduna: 'Yata, duk ina jin ku kuna ta yanka yanka, ni dai ban goyi bayan a sa wa komai almakashi ba. Tun da wayar salula ta shigo a 2001 wa ya ƙara zuwa gidan waya aika katin Sallah? Abin da ke hannunki ba za a sake yin irinsa ba. Ki duba ambulan ɗin, in akwai kan sarki da hatimin gidan waya kar ki ɓamɓare, ki bar shi yadda yake don hatimin ne ke nuna gari da rana. Kan sarkin da kika ga kuɗinsa da sule ko peni, ba kobo ba, to ya girmi Naira, ita a 1973 ta fito, kuma akwai masu tara irinsu. Sannan duk katin da aka yi doguwar wasiƙa da hannu a ciki ki ajiye, wataƙila 'ya'yan mutanen nan suna nan a Inugu ko Ibadan, in kin nemi sunan a Facebook ba mamaki ki dace.

Maman Hanifa: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba wannan ta ambulan ba ta zo min a rai ba sam, kuma da yawa suna cikin nasu. Zan ware masu rubutu in ɗau hotonsu in tura wa 'yan gidanmu, sauran Anti Talatu da Ummi ku raba. Amma waɗanda zan ajiye fa, ya zan yi da gara?

Ɗanjuma: Ki shanya su a inuwa su sha iska, ba a rana ba don kala za ta koɗe. Wanda gara ta riga ta shiga ki raba shi da sauran. Ki samu bokitin roba mai murfi ki jera su ki jefa kafur, ki ɗora saman kabad kar ya taɓa ƙasa ko bango, in damina ta wuce ki buɗe ki duba.