Cire wa Bonneville kwantak: gyara ne ko kashe masa kuɗi?

Dillali: Salamu alaikum jama'a. Ga magana na kawo, kuma na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Duk wanda ya ɗauki babur ɗin Triumph Bonneville T120 ƙirar 1969 ko 1970, ya cire masa kwantak ɗinsa na asali na kamfanin Lucas, wato ƙarafan da ke buɗewa da rufewa su ba fulogi wuta, ya ɗaura akwatin wuta na zamani, Boyer ne ko Pazon ko Tri-Spark, to ya rage masa kuɗi da hannunsa. Mai zuwa gwanjon kamfanin Bonhams a garin Stafford na Ingila yana neman babur ne yadda ya fito daga masana'antar Triumph ta Meriden. Ku dubi babur ɗin Vincent Black Lightning da Jack Ehret ya kafa tarihin gudu da shi a Ostareliya a 1953. An sayar da shi dala 929,000 a Las Vegas a Janairun 2018, da tsohon fentinsa da tabonsa. Asali aka saya.

Rewaya: Wa alaikumus salam Alhaji. Ka ɗauko babur ɗin da duk duniya 'yan ƙalilan ne ka auna shi da wanda aka ƙera dubbai. Bar wannan ma. A ina canjin yake nunawa? Kwantak ɗin T120 yana ƙarƙashin ɗan murfi ne a gefen dama, sukurori biyu ke riƙe da shi. Farantin Boyer a gurbin tsohon yake zama, akwatin kuma ya ɓuya ƙarƙashin tanki ko kujera. Ba a huda komai, ba a yanke komai a jikin inji. Mai hankali sai ya zuba tsohon farantin da kwandansa a gwangwani ya ajiye, ranar sayarwa ya miƙa wa mai saye. Aikin awa ɗaya ne a mayar.

Dillali: Kwayil fa? Na asali biyu ne masu ƙarfin wuta bolt 12. Boyer yana so a sa masu bolt 6 guda biyu a jere. Wayoyi ma sai an sake musu hanya. Alƙalan baje kolin babura leƙawa suke yi.

Rewaya: Kwayil mai 6 da mai 12 kamarsu ɗaya a ido, sai an karanta gindinsu. Babur nawa ne cikin ɗari ke zuwa gaban alƙali?

Tsohon Bakanike: Ni ba ta fuskar kuɗi zan goyi bayan Alhaji ba, ta fuskar aiki ne. Mutane na tsine wa Lucas alhali ba su iya saita shi ba. Farantin kwantak samfurin 4CA na kafin 1968 shi ne mai wahala, don idan kana son daidaita silinda ɗaya sai ka taɓa tazarar kwantak ɗinta. Na 6CA da ya biyo baya kowane ɓangare da nasa ɗan faranti, ana matsar da shi shi kaɗai. Ka sa tazara inci 0.015 a kowane kwantak, fulogi 0.025. Akwai rami a bayan bulo, ka zura ƙarfen saiti ya faɗa tsagar fulawil a digiri 38 kafin fistin ya kai ƙololuwa, sannan ka duba ko layin da ke jikin rota ya zo daidai da allurar da ke cikin murfin hagu. Kada ka yarda da layin nan ba ka gwada ba, rotar Lucas takan saki cibiyarta ta goce. Daga nan ka tayar, ka ɗaga wuta sama da juyi 2,500, ka haska fitilar taimin a silindar hagu, ka koma ta dama. Ɗigo ɗaya na baƙin mai a ɗan audugar da ke shafar kam, ɗaya tak, idan ya yi yawa ya fantsama kan kwantak ya ƙone shi. Shi ke nan.

Rewaya: Baba, shi ke nan na mil nawa? Dunduniyar robar da ke bin kam cinyewa take yi, tazara ta rufe, taimin ya koma baya. Ga kuma na'urar da ke ƙara wuta da kanta a bayan farantin: digiri 12 take bayarwa a kam, wato 24 a karanshaf. Bayan shekara hamsin sifirin ɗinta sun saki, ramin da ke tsayar da ita ya faɗaɗa, sai ta riƙa ba da fiye da haka. Ka saita 38 a sama, wato an taka wuta, silo ya lalace, wato juyin inji ba a taka wuta ba. Ka saita silo ya yi daɗi, a sama ta zarce 40. Inji mai matsi 9 da 1 a kan fetur ɗin yau, ya yi ta ƙarar ƙwanƙwasa a hawa, sai ka ga rami a kan fistin guda. Me ya sa guda? Don silinda biyun ba taimin ɗaya suke ba. Akwatin zamani fulogi biyun yake kunnawa lokaci ɗaya, babu yadda za a yi ɗaya ta riga ɗaya. Alhaji, babur mai hudadden fistin nawa ake saye a Stafford?

Mai Kafireta: Ku dakata. Rabin abin da ake ɗora wa wuta laifin kafiretar Amal ne, an bar jaki ana dukan taiki. Concentric 930 jikinta da abin da ke hawa da sauka a cikinta duk ƙarfe ne mai laushi iri ɗaya, suna cin juna, iska ta riƙa satar hanya, silo ya ƙi zama wuri ɗaya. Wani kuma ya ɗaure notocin bakinta kamar na taya, bakin ya lanƙwashe, ta fara shan iska ta gefe. Wannan ma yana huda fistin, kuma gefe ɗaya. Ƙaramin jet ɗin silo a dashe yake a ciki, ba ya kwancewa, fetur ya kwana wata uku ya toshe shi. Ana buɗe shi da bakin diril inci 0.016 a murza da yatsu, ba da inji ba. Jet ɗin allura mai lamba 106 yakan zama ƙwai saboda gogar allura, a canza su tare. Tun Satumban 2021 fetur na gama-gari a Birtaniya E10 ne mai itanol har kashi 10, gara a zuba E5 mai kashi 5, a kuma sa fulot ɗin da itanol ba ya ci. Mutum ya sayi Pazon bai taɓa waɗannan ba, zai dawo yana zagin Pazon.

Tsohon Bakanike: Madalla. Kuma ga abin da Rewaya ya tsallake. Kwantak yana tashi da batir da ya kusa mutuwa, idan akwai kwandansan 2MC ma ko babu batir kik zai tayar da shi. Tsohon samfurin Boyer idan wuta ta faɗi wajen bolt 10 sai ya rikice ya ba da wuta da wuri, kik ya dawo maka a ƙafa. Altanetar RM21 wat 120 ce tana sabuwa, rota kuma maganaɗisunta raguwa yake yi da shekaru. Kunna babbar fitila ka yi ta yawo a cikin gari, batir na zubewa kana tafiya.

Rewaya: Gaskiya ne Baba, shi ya sa ba a fara aikin daga akwati. A fara da caji. Tazarar rota da kwayil ɗin da ke kewaye da ita inci 0.008 ko ta ina, a zagaya da ma'auni. A gwada Zener, mai hana caji wuce kima, a tabbata ta zauna daram a kan abin shan zafinta da ke ƙarƙashin fitila. A tuna babur ɗin nan jar waya ce ke zuwa jiki, wato fozitif, wanda ya juya ya ƙona akwati nan take. A ja jar waya guda daga kan inji zuwa batir kai tsaye, kada a dogara da shasi mai fenti. Boyer kuma sai wajen juyi 5,000 yake cika wutarsa, wanda ya haska shi a 2,500 ya tsaya a kan layi ya zarce ke nan bai sani ba.

Mai Norton: A babur ɗin Norton Commando ma rigimar ke nan. Da kwantak digiri 28, da Boyer 31. Amma a Mk3 na 1975 mai sitata, sitatar kan ja batir ƙasa, inji ya buga baya, ya fasa ɗan boris mai juyawa hanya ɗaya da ke cikin sitatar. Can kam a zaɓi akwatin da ke jure ƙarancin wuta. Mai sayen Commando 750 na 1972 kuwa, mai injin Combat, tambayarsa ta farko ita ce ko an sa boris ɗin Superblend a karanshaf. Wannan ma ba na asali ba ne a farkon fitowarsa, Alhaji, amma rashinsa ne ke karya farashi.

Dillali: Boris a ciki yake, kuma masana'antar da kanta ta koma kansa. To ku amsa min wannan. Bonneville na 1959 zuwa 1962, kafin a haɗe inji da giya a 1963, magneto K2F ne, mai haifar da wutar fulogi ba da batir ba, a bayan silinda, kowa na ganinsa daga nesa. A cire shi a ce ba a taɓa kuɗin ba?

Tsohon Bakanike: Can kam da gaskiyarka. Magneto gyara shi ake yi. Alamar ciwonsa sananniya ce: ya tashi da sanyi, idan ya yi zafi ya ƙi, kwandansan da ke cikin amaca ne ya gaji. A sake naɗi, a canza kwandansa, tazara 0.012.

Rewaya: Na yarda da na magneto. A na 1969 ban yarda ba. Can abin da ke yanke farashi lamba ce. Ta inji da ta shasi su zo ɗaya, kuma daga 1969 wurin bugun lambar inji a ɗage yake da ƙananan tambarin Triumph a ƙarƙashin lambobin, idan an goge an sake bugawa tambarin ya tafi. Triumph TR6 mai kafireta ɗaya nawa aka ɗora wa kai mai kafireta biyu aka kira shi Bonneville? A nemi takardar shaida daga kundin fitar da kaya na masana'anta da ke hannun ƙungiyar masu tsofaffin babura ta Birtaniya, VMCC. Sai a tambayi yaushe aka buɗe karanshaf aka wanke bututun da ke tara dauɗar mai, don idan ya cika mai ba ya kai wa metal, kwanrod ya fito ta jikin inji, lambar da ake taƙama da ita ta tafi tare da shi.

Dillali: Duk na ji. Amma a ajiye guda biyu gefe da gefe, lamba daidai, fenti daidai, ɗaya da kwantak yana tashi bugu ɗaya, ɗaya da akwati. Na farkon za a fara taya wa.

Mai Kafireta: Idan ya tashi bugu ɗaya ɗin. Baba, fulogi fa, Champion N3 za a bari ko N4 a kan E5?

Tsohon Bakanike: Champion N3 ga mai matsi 9 da 1 da ke hawa babbar hanya. Idan yana ƙwanƙwasa a hawa duk da haka, a ja taimin baya zuwa 36 kafin a taɓa jet.