Wanne ne daidai, mgh ko −GMm/r?

Ɗalibi: Salamu alaikum, malamai. A wani babi an ce makamashin da abu ke tarawa saboda jan ƙasa shi ne m×g×h (m kilon abin, g ƙarfin jan ƙasa a kan kowane kilo, h tsayi), wato yana ƙaruwa da tsayi. Can gaba kuma sai ga −GMm/r, an raba da nisa, ga alamar ɗebewa a gaba. Wanne zan ɗauka?

Malamin fiziks: Wa alaikumus salam. Duka biyun daidai ne, na farko kimantawa ce kawai ta na biyu. Kusa da doron ƙasa g ba ya sauyawa sosai, 9.8 ne, sai a yi mgh. Ka ɗaga abu mai kilo 20 sama da mita 3: 20×9.8×3, jul 588 (jul shi ne ma'aunin makamashi). Ka ninka kilon, makamashin ya ninku. Ka ninka tsayin, haka ma. A Wata, inda g yake wajen 1.6, wannan aikin bai kai jul 100 ba. Amma g yana raguwa in aka yi nisa, shi ya sa mgh ke fara yin ƙarya idan tsayin ya kai ɗaruruwan kilomita.

Injiniya: Bari in ƙara lissafi a kan bayanin Malam. A kai kilo 1 tsayin kilomita 400, inda tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, ISS, take. Da mgh za ka samu jul miliyan 3.9. Da cikakkiyar ƙa'idar kuwa, ka ɗauki GM na Duniya (G tabbatacciyar lambar jan ƙasa, M kilon Duniya), 3.986×10¹⁴, ka lissafa GMm(1/r₁ − 1/r₂), r₁ (a doron ƙasa) ya zama mita 6,371,000, r₂ (a tsayin tashar) mita 6,771,000. Amsa: jul miliyan 3.7. Wato mgh ya yi ƙarin kusan kashi 6 cikin ɗari, don g a can ya sauko wajen 8.7.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne r. Ba tsayi daga ƙasa ba ne, nisa ne daga tsakiyar Duniya. Wanda ya sa kilomita 400 a gurbinsa ya ɓata lissafin tun daga tushe. Kuma a mayar da kilomita zuwa mita tukuna.

Ɗalibi: Na gode. To alamar ɗebewar fa?

Malamin fiziks: Ta fito ne daga inda aka ajiye sifili. An zaɓi nisa marar iyaka, inda jan ya ƙare, ya zama sifili. Duk abin da ke kusa da Duniya kamar yana cikin rijiya ne, ƙasa da bakinta. Yana hawa, adadin na matsawa kusa da sifili, wato ƙaruwa yake yi. Zurfin rijiyar a doron ƙasa jul miliyan 62.6 ne ga kowane kilo, kuma daga nan aka samo gudun kuɓuta daga jan Duniya, kilomita 11.2 a daƙiƙa. Ka kiyaye kada ka haɗa su: ƙarfin jan yana tafiya da 1/r², makamashin kuwa da 1/r.