Wata takwas ina zane da gawayi, an hana ni taɓa fenti

Ɗalibar Zane:
Assalamu alaikum. Wata takwas ke nan malaminmu bai bar ni na taɓa fenti ba. Kullum gawayi da fensir, ina zana kan mutum-mutumi na filasta, har ina ganinsa a mafarki. Ya ce tsarin makarantar zane ta Beaux-Arts da ke birnin Paris ke nan. Ni kuwa na ji cewa sau uku makarantar nan ta ƙi ɗaukar Rodin, shahararren mai sassaƙa mutum-mutumi. To me zai sa mu riƙe tsarin waɗanda ba su gane gwani ba?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam, 'yata. Zancen Rodin gaskiya ne, amma ki san tushen abin. A 1648 aka kafa tushen makarantar a Faransa, mai zane Charles Le Brun na cikin waɗanda suka assasa. Ɗalibi kan fara da kwaikwayon zanen magabata, ya koma kan filasta, sannan a zaunar masa da mutum mai rai. Filasta fari ne, ba ya motsi, babu launin da zai ruɗe ki, sai haske da inuwa. Idonki ake horarwa. A da, ɗalibin da ya ci gasar zane ta Prix de Rome a kan tura shi Rum ya yi shekaru yana karatu da kuɗin gwamnati. Shahararren mai zane Jacques-Louis David ya sha faɗuwa kafin ya ci a 1774. Tsarin ya yi nisa sosai: Xu Beihong, mai zane ɗan ƙasar Sin, ya koyo shi a Paris, ya kai shi Sin, inda ya shugabanci babbar makarantar zane ta Beijing.

Mai Buroshi:
Malam, a gafarce ni, a faɗa mata ɗaya gefen. Masu wannan tsari ne suka ɗora zanen tarihi a sama wajen daraja, na 'ya'yan itace da kwanuka a ƙasa. A 1863 alƙalan Salon, babban baje kolin zane na Paris, sun mayar da zane-zane da yawa, har sarkin Faransa Napoleon III ya sa aka buɗe wa waɗanda aka ƙi nasu zauren. Shahararren mai zane Manet na cikinsu. Kuma 'yar'uwa, da kin je kafin 1897, ko ƙofa ba za ki shiga ba, don ba a ɗaukar mata. Wannan har yau yana ci mini rai.

Ɗalibar Zane:
Na gode muku. Na ɗauko zanena na watan farko na ajiye kusa da na jiya, inuwar ƙarƙashin hanci kaɗai ta isa shaida. Zan ci gaba da gawayin, amma gobe zan roƙi malaminmu ya ba ni rana ɗaya a mako ta fenti.