Magudanar tsohon gida ta toshe: a kawo kyamara ko a fasa daɓe?

Mai tambaya, Yantala: Assalamu alaikum ƴan uwa, shawara nake nema. Gidan mahaifinmu ne nan Yamai, ginin zamanin Janar Kunce. Tun farkon damina ruwan bayi ba ya wucewa sai da ƙyar, in an zuba bokiti ka ji yana gurnani, wari kuma na tasowa ta wurin wanke-wanke. An zura waya ya buɗe, ba a jima ba ya koma. Mai gyaran pompo ya ce a fasa tsakar gida daga bayi har fos (ramin da ƙazantar bayi ke taruwa), ga shi bara muka sa karo, wato tayil na daɓe. Wani ya ce akwai masu tura kyamara cikin tiyo. Kuɗin ba za su tafi a banza ba?

Tsohon magini, Bukoki: Wa alaikumus salam. Ɗana, fara da abin da ba ya cin ko dala. Ɗaga marfin fos ka duba. In ya cika, ko ramin da ke tsotse ruwa ya ƙoshi da ruwan sama, tiyo ba shi da laifi, motar kwasa za ka kira. In kuwa da sauran wuri, buɗe regar na ƙarshe (ɗan ramin nan mai marfi da ake leƙa tiyo ta cikinsa), a zuba bokiti a bayi kana tsaye. Ruwa ya iso da ƙarfi ko yana ɗiga? Amma don Allah kada kowa ya sauka cikin fos, iskar ciki na kashe mutum.

Mai aikin pompo, Wadata: Maganar Baba gaskiya ce. Kyamarar kuma ba wasa ba ce, Malam. Ƙaramin kai ne mai fitilu a bakin igiya mai tauri, ana tura shi ta regar, kuna kallo a allo, tana ƙirga mitocin da ta shiga. Mai kyau tana da ɗan abin aika sigina, a bi ta saman daɓe da na'ura har a ce ga wurin. Sai a cire karo kaɗan maimakon tsakar gida duka.

Gidajen wancan lokaci da yawa tiyon siminti gare su ko na baƙin ƙarfe, ba na roba (PVC) ba. Mahaɗa ke buɗewa, yashi ya shiga. Wani wurin ƙasa ta zauna, tiyo ya yi ciki, ruwa ya kwanta. Gangaren da ake so wajen santimita 2 ne a kowace mita. Irin wannan lahani zura waya ba ya gyara shi, shi ya sa toshewar take dawowa. Sharaɗi dai a fara wanke tiyon, don cikin baƙin ruwa kyamara makauniya ce. Kuma ka ce a tura maka bidiyon a salula, ka nuna wa wani mai aikin kafin a ɗaga guduma.

Hajiya, Plateau: Akwai dogon yaro kusa da bayin? Namu da aka tone, saiwoyi ne cunkus kamar gashin kai, sun shiga ta mahaɗa. Ni ban ga amfanin biyan kuɗin kallo ba, tunda ƙarshenta sai an tona.

Ɗan jami'a, Harobanda: Yaya, akwai ƙananan kyamarori da ake jonawa a salula, da araha.

Mai aikin pompo: Ƙanena, igiyarsu laushi gare ta, kwanar farko take naɗewa. Hajiya, za a tona, gaskiya ne, amma tonon mita ɗaya daban, na mita goma sha daban.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na ɗaga marfi ɗazu, fos bai cika ba, ruwan ɗiga yake. Dogon yaro kuwa yana nan dab da bayi, Baba ne ya shuka shi, Inna ba za ta yarda a sare ba. In saiwa ce, canza tiyon wurin zuwa PVC zai wadatar, ko dole sai an karkatar da hanyar?